Gida a kan taya huɗu: Zagayen gaɓar tekun Sukotland a motar zango

A can ƙarshen arewacin Birtaniya, a yankin Sukotland, akwai wata hanya da ta tashi daga birnin Inverness, ta nufi gaɓar teku ta yamma, ta karya ta bi ta arewa, sannan ta gangaro ta gabas ta dawo inda ta faro. Tsawonta mil 516 ne, wato kimanin kilomita 830, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja da dawowa. Sunanta North Coast 500, kuma a shekarar 2015 aka raɗa mata shi. Babu wani sabon titi da aka shimfiɗa. Tsofaffin hanyoyin ƙauye ne da manoma da masunta suka daɗe suna bi, sai wata ƙungiyar raya yankin mai suna North Highland Initiative ta haɗa su a taswira guda, ta ba su suna, ta shiga tallata su don ta jawo baƙi.

Baƙi kuwa sun amsa kira, har ma sun wuce yadda aka zata. Cikinsu akwai wani rukuni da muka zaɓi mu bi sawunsa a wannan makon: mutumin da zai ɗauki mota shi kaɗai, ba direba ba ɗan rakiya, a cikinta zai dafa abinci, a cikinta zai kwana, ya yi mako guda ko biyu yana bin ƙauyuka da bakin teku. Turawa na kiran irin wannan mota campervan. Mu a nan za mu kira ta motar zango, domin duk inda ta tsaya nan ne zangon mai ita.

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin hotunansu a Instagram ko TikTok. An buɗe ƙofar baya, ga gado an gyara shi tsaf, ga kofin shayi na tururi, ga teku shuɗi a gaba. Hoton gaskiya ne, amma hoton minti biyar ne daga cikin awa 24. Sauran awannin ne suka fi ba mu sha'awa, domin a cikinsu akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai tarihi, akwai kuma wata rigima da har yau ba ta lafa ba tsakanin masu wucewa da masu gari.

Me ke cikin motar?

Ku ɗauki bas ƙirar Hayis irin wadda muke shiga a tasha, ku cire kujerun baya duka. A gefe guda a kafa wani dogon akwati mai ɗauke da murhun gas, da ɗan wurin wanke kwano, da ƙaramin firji. A ɗaya gefen a sa kujera wadda idan dare ya yi za a miƙar da ita ta zama gado. A ƙarƙashi a ɓoye tankin ruwa mai tsabta da wani tankin na ruwan da aka yi amfani da shi. Wasu motocin rufinsu na ɗagawa sama don mutum ya iya miƙewa tsaye. Wasu suna da ɗan masai na tafi-da-gidanka, wanda ke tara ƙazanta a wani ɗan tanki mai magani a ciki. Ku riƙe maganar wannan ɗan tanki, za mu dawo kanta.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa a 1950, a shekara mai bi mata kuma wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara sa mata kayan kwana da na girki. Daga nan abin ya bazu a Turai da Amurka da Ostareliya. A yau wani kan sayi motar a shirye, wani ya yi haya na mako guda, wani kuma ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya ya zauna da zarto da guduma ya mayar da ita ɗaki da hannunsa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ke kwana a mota nishaɗi ya fito. 'Yar jaridar nan ta Amurka, Jessica Bruder, ta wallafa littafin Nomadland a 2017 a kan dattawan da tsadar haya da rashin aiki suka kora daga gidajensu, suka koma zama a mota suna bin aikin wucin gadi daga jiha zuwa jiha. Fim ɗin da aka yi daga littafin shi ya lashe babbar kyautar Oscar a 2021. Waɗannan dole ce ta sa su. Masu zagayen Sukotland galibi suna da gidan komawa.

Hanyar da ba ta ɗaukar mota biyu

Abu na farko da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne a Birtaniya ta hannun hagu ake tuƙi. Na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne wani dogon ɓangare na hanyar a yamma da arewa faɗin mota ɗaya ne kacal. Idan biyu suka yi kiciɓis, dole ɗaya ta kauce. Saboda haka aka yi wasu 'yan wuraren ratsewa a gefen titi, nan da can, kowanne da alamarsa.

Wuraren suna da ladubbansu, kuma a nan ake fara gane baƙon kirki. Idan wurin ratsewar yana hagunka, ka shiga ka tsaya. Idan yana dama, ka tsaya daidai da shi a hannunka, mai zuwa shi ne zai shiga. Idan kun haɗu bayan ka wuce wurin da 'yan taku, to kai ne za ka yi ribas, kuma yin ribas da doguwar mota a kan tudu, ba wanda zai sauka ya duba maka baya, ba wasan yara ba ne. Mai hawa tudu ake bai wa hanya. Wanda aka bai wa hanya ya ɗaga hannu ya yi godiya. Idan ka hango mota a madubi ta matso maka, ka ratse ka bar ta ta wuce, domin kai kallon duwatsu kake yi, shi kuwa wataƙila ma'aikacin jinya ne da ke sauri zuwa gidan mara lafiya. Babban laifi kuma shi ne ka ajiye mota a wurin ratsewa ka fita ɗaukar hoto, balle ka kwana a can.

Wurin da ya fi shahara a hanyar shi ne wani hawa mai suna Bealach na Bà, a kan hanyar ƙauyen Applecross. Sunan daga harshen Gelik ne, harshen asali na mutanen tsaunukan, kuma ma'anarsa mashigar shanu. Burtali ne ke nan tun asali, inda makiyaya ke koro shanu zuwa kasuwa. Titin yana tashi daga kusan bakin teku ya hau har tsayin mita 626 cikin 'yan kilomitoci, da kwanoni masu kaifi, a wani wurin gangararsa ta kai kashi 20 cikin 100. A gindin hawan an kafa allo da ke gargaɗin masu koyon tuƙi da masu manyan motoci da masu jan tirelar kwana da kada su hau. Har zuwa tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe wata hanyar ta bakin teku, wannan ne kaɗai titin da ke shiga Applecross. Mai doguwar motar zango idan yana da hankali, ta bakin tekun zai bi ko da ta fi nisa. Wanda ya ƙi ji ya hau ya maƙale a kwana, ya toshe wa gari guda hanya.

Daga can hanya ta miƙa arewa ta garin masunta na Ullapool, ta wuce Lochinver, ta kai Durness inda kogon Smoo yake a bakin teku. Sai ta juya gabas ta bi ta Thurso, ta wuce kusa da Dunnet Head, wanda shi ne wuri mafi arewa a babban tsibirin Birtaniya, ta isa John o' Groats, ta gangaro ta Wick. Ɓangaren gabas ɗin shimfiɗaɗɗe ne, ga gonaki, ga titi mai faɗi, kuma masu zagaye da yawa a guje suke wuce shi.

Ina mutanen suka tafi?

Abin da matafiyi ke nema a wannan yanki shi ne fili da shiru. Yakan yi tafiya mai nisa bai ga gida ba, sai tumaki da duwatsu da tafkuna. Gundumar Sutherland, wadda hanyar ta ratsa, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 5,000, amma mutanenta ba su kai dubu 15 ba. Baƙo zai zaci haka Allah Ya yi wurin. Akwai hannun ɗan Adam a ciki.

Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu mallakar ƙasa a tsaunukan Sukotland suka ga kiwon tumaki ya fi kawo musu kuɗi a kan ɗan hayar da ƙananan manoma ke biya. Sai suka shiga tayar da ƙauyuka. A kwarin Strathnaver da ke Sutherland an tashi mutane a 1814 da kuma 1819, an cinna wa rufin gidaje wuta don kada su dawo. An gurfanar da wani wakilin masu ƙasar mai suna Patrick Sellar a kotu a Inverness a 1816, aka sallame shi. Waɗanda aka kora, wasu aka tura su 'yan filaye marasa albarka a bakin teku su koyi su, wasu suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada da sauran ƙasashe. Sai a 1886 aka yi dokar da ta bai wa ƙananan manoman yankin tabbacin zama a gonakinsu.

Mai bin hanyar ta gabas, idan ya iso Golspie, zai ga fadar Dunrobin mai ɗakuna 189, gidan dangin da suka mallaki Sutherland, zai kuma hango mutum-mutumin babbansu a kan tsaunin da ke bayan garin. An sha yin kiraye-kirayen a sauke shi. Duk wanda ya san wannan tarihi, ba zai yi mamaki ba idan ya ga mazauna ƙauyukan bakin tekun suna da zafi a kan maganar ƙasa da wanda ke da iko da ita.

Darasin lissafi a bayan mota

Yanzu mu shiga cikin motar mu rufe ƙofa. A gida mutum na buɗe famfo ko ya aika a sayo ruwa, ba ya ƙidaya. A motar zango komai a ƙidaye yake.

Mu fara da ruwa. A ce tankin na cin lita 50, wato jarka biyu masu lita 25. Idan matafiyi ya tsuke hannu ya kashe lita 10 a rana wajen sha da girki da wanke kwano da goge jiki, kwana biyar ke gare shi. Me zai hana ya ɗauki lita 200 ya huta? Nauyi. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma lasisin tuƙin ƙaramar mota a Birtaniya galibi bai yarda a tuƙa abin da ya wuce kilo 3,500 ba, an haɗa da motar da mutum da duk kayansa. Mota mai nauyi kuma ta fi shan mai, ta fi wahalar da birki a gangara.

Sai wuta. Motar na da batir biyu: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki. An raba su ne don kada mutum ya kwana da fitila da firji, gari ya waye mota ta ƙi tashi a inda babu mai tura ta. Ga aikin gida ga 'yan ajin kimiyya. Batir mai ƙarfin volt 12 da ampiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, domin 12 sau 100 ke nan. Idan irin tsohon batirin nan ne mai dalma da ruwan asid, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Saura 600. A misali, a ce firji na cin wat 20 a matsakaici dare da rana, 480 ya tafi. Fitila mai wat 10 na awa huɗu, 40. Cajin waya sau biyu, a ce 30. Jimilla 550. Kun ga kwana ɗaya tak ya cinye kusan duk abin da ke akwai. Batirin na samun caji idan inji na aiki, ko daga farantin sola da ke kan rufi, ko idan an jona shi da wuta a sansanin kwana na kuɗi. Sola kuwa a ƙasar da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki ba kamar sola a Katsina ba ce.

Akwai lissafin da kuskure a cikinsa rai yake ci. Duk abin da ke ci da wuta, gas ne ko gawayi ko kananzir, idan yana ci a rufaffen wuri yana iya fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke buƙata, mutum ya ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Shi ya sa ake buɗe taga idan ana girki a mota, ba a kunna murhu don jin ɗumi, ba a shigo da kaskon gawayi ciki ko da ya yi kamar ya mutu, ana kuma liƙa wata 'yar na'ura da ke ƙara idan iskar ta taru. Wannan darasi ba sai mun je Sukotland ba. Ita ce iskar da ke hallaka iyalai a nan gida idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki ko a soro, ko aka rufe ƙofa da taga a kan garwashi lokacin hunturu.

Shi kaɗai

Me ke sa mutum ya zaɓi tafiya ba abokin hira? Masu yi sukan ce babu mai ce maka tashi, babu mai ce maka tsaya. Idan wuri ya yi maka, ka ƙara kwana. Kuma mutum ɗaya ya fi saurin shiga mutane, domin mai shago ko masunci ya fi sakin jiki da wanda ya shigo shi kaɗai yana tambaya a kan ayarin da ya shigo da hayaniyarsa.

Kuɗin wannan 'yanci shi ne duk aikin na kanka. Kai ne direba, kai ne mai duba taswira, kai ne kuku, kai ne bakanike. Idan gajiya ta zo babu mai karɓar sitiyari. A wurare da dama a yamma da arewa waya ba ta da sabis, don haka gogaggun matafiya kan sauke taswira a waya tun suna gari, su riƙe ta takarda, su kuma shaida wa wani na gida inda za su kwana da lokacin da za su kira. Gidajen mai suna da tazara, ba a bari tanki ya kusa ƙarewa. Da dare a ajiye mota tana fuskantar mafita, makulli a wuri guda da hannu zai kai cikin duhu, kujerar direba ba kaya a kanta. Idan zuciya ba ta kwanta da wuri ba, a tashi a bar shi, ba sai an nemi dalili ba.

Teku ma yana da nasa sharaɗin, wanda mu da muka tashi nesa da shi ba lallai mu sani ba. Ruwansa na cika yana janyewa sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, saboda jan da wata ke yi masa, rana ma na taimakawa. Wato filin yashin da ka gani busasshe da la'asar yana iya zama ƙarƙashin ruwa kafin tsakar dare, kuma lokacin cikar na matsawa gaba da kusan minti 50 a kowace rana. Ana buga jadawalin lokutan, mai hankali zai duba kafin ya ajiye mota ko ya taka zuwa wani tsibiri. Ruwan kuma sanyi ne da shi ko a tsakiyar bazararsu.

Sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo, ba su kai sauro ba, da ke fitowa dubu-dubu daga ƙarshen watan Mayu zuwa Satumba, musamman da asuba da magariba idan iska ta kwanta. Ba sa sa zazzaɓi, amma sun isa su kori mutum daga wurin da ya fi kowanne kyau ya koma cikin mota ya rufe. Gidan sauro na yau da kullum ba ya tare su, sai mai ƙananan ido sosai. Wani abin mamakin shi ne tsawon yini. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Thurso sai bayan ƙarfe 10 na dare, ta kuma fito wajen ƙarfe 4 na asuba. Labule mai kauri ya zama dole ga mai son barci.

Wani zai ce ai wannan duk wasan Turawa ne. To, a ranar 30 ga Janairun 2024 wata matashiya haifaffiyar Legas da ta girma a Birtaniya, Pelumi Nubi, ta tashi daga Landan ita kaɗai a wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107 da ta sa wa suna Lumi, wadda ta gyara cikinta yadda za ta iya kwana. Ta bi ta Faransa da Sifaniya, ta tsallaka Maroko, ta gangaro ta Muritaniya da Senegal, ta ci gaba da bin ƙasashen gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ta yi hatsari a Kwaddibuwa har aka kai ta asibiti, aka gyara motar, ta ci gaba. Ranar 7 ga Afrilu, bayan kwana 68, ta shiga Legas, aka tarbe ta a Jami'ar Legas. Ba muna cewa kowa ya ɗauki makullin motar gidansu ba ne. Tafiyarta ta ci dogon shiri da takardun ƙetare iyaka da kuɗi, kuma akwai hanyoyi a yankinmu da a halin yanzu ko da rana ba a bin su a kaɗaice.

A ina za a kwana?

Mu koma Sukotland, inda ainihin rigimar take. A 2003 majalisar dokokin yankin ta yi dokar da ta bai wa kowa damar shiga mafi yawan filaye da dazuzzuka da tsaunuka, ya yi yawo, har ya kafa ɗan tanti ya kwana biyu ko uku, muddin bai yi ɓarna ba, bai matsa wa gidajen mutane ba. Doka ce da 'yan Sukotland ke alfahari da ita. Sai dai damar ta mai tafiya a ƙafa ce, da mai keke, da mai doki, da mai kwalekwale. Ba ta shafi mota ba. Baƙi da yawa ba su san haka ba, wasu kuma sun sani sun yi kamar ba su sani ba. Mai motar zango wurin kwanansa shi ne sansanin kuɗi, ko filin ajiye motoci da aka yarda a kwana, ko filin wani da izinin mai shi.

A lokacin annobar korona, a 2020 da 2021, fita ƙasashen waje ya yi wuya, sai 'yan Birtaniya suka yi ca a kan wannan hanya. Mazauna ƙauyuka suka shiga kokawa da motocin da ke kwana a bakin maƙabartu da ƙofar gonaki, da shara, da wutar da ake hurawa a kan ciyawa. Maganar wuta ba ƙarama ba ce a can, domin ƙasar yankin da yawa ruɓaɓɓun tsirrai ne da suka taru shekaru dubbai, idan ta bushe ta kama wuta tana iya ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki. Babbar fadamar irin wannan ƙasa da ke Caithness da Sutherland, wadda ake kira Flow Country, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2024.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne ɗan tankin nan da muka ce ku riƙe. Yana cika cikin 'yan kwanaki, kuma akwai wurare na musamman da aka tanada don zubar da shi, galibi a sansanonin kuɗi. Wanda ke gudun biyan 'yan fam kaɗan sai ya juye shi a rafi ko a bayan katangar wani. Ko masan jama'a na ƙauye bai dace a juye shi ba, domin maganin da ke ciki na kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a ramin. Mutum ɗaya ya yi, a zagi dubu.

Ga kuma maganar kuɗi. Wani bincike na Jami'ar Glasgow Caledonian ya ƙiyasta cewa hanyar ta shigo wa yankin da sama da fam miliyan 22 a shekarar 2018 kaɗai. Masu otal da gidajen abinci da shagunan ƙauye sun shaida, kuma a yankin da matasa ke ƙaura zuwa birane don rashin aiki, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma mazauna na da tasu hujjar. Mai motar zango ya cika firjinsa a babban kanti a Inverness, ya zo da gadonsa, ya zo da murhunsa. Idan ya kwana a gefen titi kyauta, me ya bar wa ƙauyen ban da ramuka a kwalta? A ganinmu tambayar tana kan hanya. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma raɓar da ke sauka kullum dare daga Mayu zuwa Satumba ta zama damina.

Hukumomi na ta lalube. Majalisar yankin Highland ta ɗauki jami'an sintiri a 2021, suka riƙa zagayawa suna wayar wa baƙi kai. A Yulin 2024 ta fito da wani tsari na ganin dama, mai motar zango ya biya fam 40 na kwana bakwai, ya samu damar kwana a wasu filayen ajiye motoci na hukuma. Masu sansanonin kuɗi suka ce an shiga kasuwarsu, kuɗin da aka tara kuma bai je ko kusa da abin da aka yi hasashe ba. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin Fodor's na Amurka, mai buga littattafan jagorar yawon buɗe ido, ya sa hanyar a jerin wuraren da ya ce mutane su sake tunani kafin su je a 2025. Ƙasar New Zealand, wadda ta sha irin wannan matsala, ta bi ta hanyar doka: ta yi dokar kwanan mota a 2011, ta tsaurara ta a 2023 yadda sai motar da ke da kafaffen masai a ciki za a bai wa takardar shaida, mai karya ƙa'ida kuma ana cin tararsa dalar ƙasar 400.

A Sukotland dai har yanzu ana ja, wasu na son a sa haraji, wasu na son a ƙara wuraren zubar da ƙazanta, wasu na son a bar su su huta. Da watan Oktoba ya ƙare, sansanoni da yawa na rufewa sai bazara, yini ya gajarce har ya koma awa shida da 'yan mintuna a Disamba, ƙanƙara ta kan rufe Bealach na Bà. A wuraren ratsewa kuma sai motar gidan waya, da bas ɗin 'yan makaranta, da tumakin da suka kwanta a kan kwalta.